Mai Katifar Rimi Da Duniyar Da Ba Ta Nutsewa

Daga Allah muka zo, kuma ɗaya bayan ɗaya Yake karɓar kayansa. Kakan mijina ya rasu cikin azumin nan, da hantsi, yana zaune a ƙofar ɗakinsa, basilla a hannu, filo rabin ɗinki a cinya. Ni na fara ganinsa. Na ɗauka gyangyaɗi yake yi, har na ce masa, "Tsoho, azumin ya kayar da kai tun rana ba ta yi ba?" Da na ji bai rama ba, na san ba lafiya. Tun da na zo gidan nan ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba.

Kafin azahar an kai shi. Gidanmu na unguwar Kwamba ya cika da mata, maza suna waje a kan tabarmi. Da yake azumi ne, ba ruwa ba goro, baki bai sami abin yi ba sai magana. Wata tsohuwa Bagwariya ta taso tun daga Iku a ƙafa, da doya a kafaɗa, ta ce katifar aurenta shi ya ɗinka, kuma a kanta ta haifi 'ya'yanta duka. Bayarabiyar da ke haya a ɗakin bakin rijiya sai faɗi take, "E ya, Baba, sori o," tana tambaya wa zai riƙa yi mata faɗa in ta zubar da ruwan wanki a hanya. Sai matar ladan ta gyara mayafi ta ce, "Allah Ya sa ya huta. Ai dama kwanan nan kan ya fara juyewa. Wai akwai wata duniya a sama da za a jefa a ruwa ta ƙi nutsewa." Mata suka yi irin 'yar dariyar gidan mutuwa, wadda ake rufewa da gefen gyale.

Kansa bai juye ba. Ina wurin aka faɗi maganar, da kunnena na ji. Shi ya sa na ɗauki biro, duk da a aji huɗu na tsaya, don kada ya zama da wannan kaɗai za a riƙa tuna shi.

Washegari uwar mijina ta iso daga Funtua. Ita ce 'yar Tsoho. Ta yi kukanta, ta wanke fuska, sai ta dubi 'yata da ke tsaye riƙe da bakin zanina ta ce, "In an yi bakwai, da ita zan koma."  Ba wannan ne karon farko da ta faɗi haka ba. Wancan karon akwai wanda ya tare.

An kawo ni Suleja ban san kowa ba. Mijina direba ne a wani ofis a Abuja. Yana fita da asuba ya bi layin bas, ya dawo bayan isha'i ya ci tuwo yana barci. Maƙwabta kowa da yarensa, masu Hausar ma rabinta Turanci ce, in sun yi dariya ban san da me ake yi ba. Gidan na Tsoho ne, ya zuba 'yan haya ya bar wa kansa ɗaki ɗaya da rumfa. Ranar farko da na kwana na tashi, ya tsaya daga nesa ya ce, "To, an kawo mini amaryata. Wancan yaron ɗan rakiya ne, ki ba shi tukuici ya tafi." Kowa ya san wasan kaka da matar jika. Amma ni a wurina ya wuce wasa, don daga safe har yamma bakinsa ne kaɗai ke buɗewa saboda ni.

Yakan ce shi ɗan Abuja ne. "Ina nan zaune aka zo aka ɗauke mana suna aka kai wa daji, aka ce mu yi haƙuri da Suleja. Yanzu jikana kullum sai ya hau mota don ya je garin da nake ciki tun ina saurayi."

Sana'arsa katifa da filo na audugar rimi. Zai zube audugar a rumfa, ya ɗaure hanci da tsumma, ya yi ta bugunta da tsumagu biyu har 'ya'yan su zube ƙasa kamar kashin awaki, ita kuma ta tashi ta cika wurin. In ya fito, gira da gemu da kunne duk fari fat. Buhun da ya fi shi tsawo yakan ɗaga da yatsa biyu, ya kalle ni ya ce, "Kin ga mijin da kika raina?" Katifar soso ta riga ta kashe kasuwar, kuma bai taɓa yafe mata ba. "Soso abin wanke kwano ne. Mutum da darajarsa ya kwana a kan abin wanke kwano!" Tsofaffin abokan cinikinsa ne suka rage, masu kawo katifar da ta kwanta a farke, a shanya, a sake bugawa. Yana baza audugar a rana yana cewa, "Rimi ba ya mutuwa, kwanciya yake yi. Ba shi rana ki ga ya tashi."

Ba zan ce waliyyi ba ne. Yana da zafin rai, kuma in ya kafe ko liman ba ya juya shi. Rediyonsa ba mai taɓawa, batir ma sai ya shanya shi a kan kwanon rufi har ya fara zubar da ruwa kafin ya yarda ya mutu. Akwai kuma abin da ba ya so a tayar: daga Funtua ya zo cin rani, ya ce damina na faɗuwa zai koma, ya bar matarsa da ƙaramar yarinya, bai koma ba. Yarinyar nan ita ce uwar mijina.

'Yata ita ce ta fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma kau da kai take yi wani ya ɗauka. To ni wane wanin nake da shi? Wata rana ta faɗi a bakin rumfa tana kuka, ni ina tsaye ina kallon bango. Tsoho ya ce, "Amarya, ɗauki 'yarki."

Na ce, "Kai ka ɗauke ta mana."

"Hannuna duk auduga. Kunya don mutane ake yin ta. Nan daga ni sai ƙadangaru, kuma ƙadangarun ba su san kowa a Funtua ba."

Tun daga ranar, rumfar nan ta zama wurin da nake uwa. A nan nake yi mata rawa a cinya, in shinshina wuyanta, in yi mata waƙa, shi kuma ya juya baya yana ɗinki kamar bai ji ba.

Sai dai yarinyar ba ta da nauyi. In ka gan ta daga nesa ka ce ƙatuwa ce, ga kumatu ga ciki, amma kana ɗaga ta sai hannunka ya wuce sama kamar ka ɗauki ƙwarya ba komai. Duk ranar awo malamar asibiti takan ɗora ta a sikeli, ta dubi allurar, ta dube ni. Ana cikin haka na gane ina da wani cikin ban yaye ta ba. Kwanika, abin kunya. Mata suka fara cewa ta sha ciki ne. Na daina cin abinci sosai. In tana barci sai in sa tafin hannu a ƙirjinta in tsaya har in ji ya motsa.

Ana saura kaɗan a shiga azumi, wata rana da la'asar ina gaban murhu, na ji Tsoho ya ƙwala kira. "Amarya! Bar tukunyar nan ki zo!" Na ruga a guje, don shekarar ce soja suka sauka, na ɗauka sun dawo. Na same shi ya manna rediyo a kunne. Ya ce, "Zauna, zauna, yi shiru."

Shirin kimiyya ake yi. Mai maganar ya ce masu binciken sararin sama sun auna wata duniya da ke zagaya wani tauraro, ba ranarmu ba. Nisan wurin ya kai hasken da ke isowa gare mu yanzu ya taso tun zamanin kakannin kakanni. Ita kanta duniyar ba wanda ya gan ta. In ta gifta ta gaban tauraronta sai haskensa ya ɗan dushe, kamar ƙwaro ya wuce gaban fitila, da haka aka san girmanta. Ya ce in aka ajiye tamu a gefenta, kamar ƙwayar gyaɗa ce a gefen kabewa. Amma duk girman nan ba ta cika ba, kusan dukanta iska ce, ba ƙasar da za a taka. Da za a sami kogin da zai ɗauke ta, da sai ta yi ta yawo a saman ruwa. Kuma ta matsa kusa da ranarta ƙwarai, shekararta ko mako ba ta kaiwa, har ana jin zafin ne ya kumbura ta.

Tsoho ya ajiye rediyon a hankali. Ya ce, "Rimi ce."

Na ce, "Wace?"

"Duniyar nan. Wallahi rimi ce. Shanya ta aka yi."

Washegari ya karɓi bahon wankina ya cika da ruwa. Ya cusa auduga a ƙyalle ya ɗinke ta zama kamar kan jariri, ya tsinto tsakuwa ƙarama, ya jefa su tare. Tsakuwa ta tafi ƙasa, ƙwallon ya zauna a sama yana juyi. Duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya ya gani, har mai sayar da kalanzir. Ladan, abokinsa na shekara da shekaru, ya kalla ya ce, "Turawa sun gama ƙaryar ƙasa sun koma ta sama, kai kuma ka zama mai yi musu talla."

Tsoho ya ce, "Wanda Ya yi dutse Shi Ya yi rimi. Ko kana nufin a ƙasa kaɗai Ya iya?"

"A'uzu billahi! Ni ban ce ba. Kada ka sa mini magana a baki, tsohon banza."

"Kai ne yaro?"

Suka daina gaisawa na ɗan lokaci, amma a masallaci kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, don kowa ya ƙi barin wurinsa. Daga nan maganar juyewar kai ta samo asali.

Abin da mutane ba su sani ba, ba iyon ne ya fi damunsa ba. Wata magariba ya dawo daga masallaci, taurari sun fara fitowa, ya tsaya tsakar gida ya ɗaga kai. An ce ba a ganin tauraron da ido, ya sani, amma ya duba. Ya ce, "Amarya, ba kowa fa a can. Ko tsuntsu. Duniya guda tana ta zagaye, ba mai hura wuta, ba mai sallama."

Na ce, "Sai ka je ka buɗe musu shagon katifa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To in na mutu a can ina za a sa ni? Ba ƙasa." Da tarin ya lafa sai ya ce, a hankali, "Tun yaushe take can ba wanda ya san da ita. Sai da ta tare wa wani haske."

 Na san yadda ɗakinsa yake in ya rufe ƙofa, shi ma ya san yadda nawa yake.

Cikin makon nan uwar mijina ta zo, labarin cikina ya kai mata. Ta ɗaga yarinyar ta jijjiga ta ce, "Wannan ai ganye ce. Haɗa mini kayanta, can za a yaye ta." Ba mugunta ba ce, haka ake yi. Ni ma a wajen kakata aka yaye ni, kuma sai da na yi wayo na san wadda nake kira Yaya ita ta haife ni. Abin da nake tsoro ke nan. Yayen kaka ana sanin ranar tafiya, ba a sanin ranar dawowa. Amma 'yar fari ce, ba ni da bakin cewa a'a. Na shiga ɗaki na fara ninke 'yan rigunanta.

Daga rumfa na ji muryar Tsoho. "Ba inda za ta."

"Baba, al'ada ce."

"Na san al'ada, na girme ta a gidan nan."

"Dubi yarinyar nan fa. Iska ma sai ta ɗauke ta."

"To sai me? Allah Ya yi duniya sukutum ba nauyi, kuma bai ɗauke ta daga gindin ranarta ba. Nan Ya bar ta, kusa-kusa."

"Ana maganar rai kana maganar rediyo." Sai muryarta ta canza. "Yau kai ne ka san a bar ɗa kusa da mahaifi? Ni da ka tafi ka bari ina tatata?"

Na tsaya da riga a hannu. Har Bayarabiya ta daina jan guga. Sannan Tsoho ya amsa.

"Shi ya sa. Na gwada, na ga abin da ya haifar. Muddin ina numfashi a gidan nan, a nan yarinyar nan za ta sha kununta."

Da safe ta tafi, ko kokon da na dama ba ta taɓa ba. Shi kuma ya wuni bai kunna rediyo ba, bai kuma tsokane ni ba.

Daga nan ya ɗauki yayen a kansa. Malamar asibiti ta ce a riƙa ba ta kunun gyaɗa da ƙwai da wake, shi ya riƙa zuwa kasuwa da kansa. Yana azumi, leɓe a bushe, zai zaunar da ita a cinya yana hura cokali yana cewa, "Sha, Hajiya, ke ba a rubuta miki ba tukuna." Kowace safiya sai ya ɗaga ta sama ya lumshe ido kamar mai sauraro, ya ce, "Ta ƙaru." Sikelin asibiti bai yarda da shi ba sai kaɗan. Na sani, shi ma ina jin ya sani. Amma in ya faɗa nakan iya cin abinci ranar.

Sai ga shi numfashin da ya jingina maganarsa da shi ya ƙare.

Ana gobe bakwai na yi wa mijina magana. Ya ce, "Me zan ce wa Inna? Ubanta ne ya hana, kuma ya tafi." Ya juya fuska bango.

Da aka yi addu'a aka watse, washegari da safe uwar mijina ta ɗaure kayanta. Ni na yi wa yarinyar wanka, na shafa mata mai, na sa mata kwalli, na zuba rigunanta a leda. Hannuwana ne suka yi, ni ban san ina nake ba. Mijina yana tsaye riƙe da jaka, idonsa a ƙasa. Matan da suka zo sallama suna nan, har da matar ladan. Uwar mijina ta sunkuya, aka ɗora mata ita, ta ja zani ta ɗaure, ta ƙara majanyi. Ta ce, "To, sai mun ji alheri." Suka nufi zaure. Ina ganin bayan kan yarinyar da ɗan kitson da na yi mata, tana wasa da ɗankunnen kakarta, ba ta san komai ba.

Na juya wajen rumfa. An share ta tas, an jingine tabarmar Tsoho.

Sai na kira sunanta. Sunanta na yanka, wanda tun ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba. Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba.

Yarinyar ta waiwayo ta miƙo hannu. Matar ladan ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi! 'Yar farin?" Wata ta ce, "Zamani." Na durƙusa a inda nake na ce, "Inna, ki yi mini rai. Ki bar mini ita."

Uwar mijina ta tsaya, ta ba ni baya. Sannan ta kwance majanyin, ta kwance zanin, ta sauke yarinyar a ƙasa da kanta, a hankali, ta gyara mata riga. Da ta ɗago, idonta ya yi ja. Ta ce, "Baba ne ya ɓata ki." Ta fita, mijina ya bi ta da jaka.

Yau ga mu nan. Mijina ba ya amsa mini sai da "uhm". In na zo bakin rijiya hira takan tsaya har in cika bokiti in wuce. An aiko daga Funtua cewa kada in sa ran ta zo wankan jego, kuma har yanzu ban san wa zai dafa mini ruwa ba. Yarinyar tana nan yadda take, ba ta ƙaru sosai ba, ba ta kuma ragu ba. Da rana gidan yakan yi shiru har in ji tafiyar kaza a kan kwano. Sai in kira ta da sunanta, da ƙarfi, ta taho tana tangaɗi.

Ya Allah, bawanka ne, ya zo maka a wata mai alfarma da ƙishirwa a bakinsa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Ka yafe masa abin da ya yi wa 'yarsa, Ka saka masa abin da ya yi wa tawa.